Kwantenar da Ta Ɓata Hanyar Gida

Ranaku da yawa sun wuce ni ban riƙe komai a cikinsu ba, amma akwai wata ranar kasuwar Lolo, a ƙarshen wata damina, da ba na jin za ta fita daga kaina ko na tsufa na fara kiran jikokina da sunan juna. A ranar ne shinkafar mutane ta kusa tafiya da ruwa, mutuncin Baffana kuma ya kusa bin ta, ni kuwa ina zaune gaban kwamfuta gumi yana karyo mini.

Ni mutumin Bagudo ne. Na yi karatun kwamfuta a birni da girmana, bayan na riga na yi iyali, sannan na dawo na buɗe ɗan shago inda nake gyaran kwamfutoci da buga wa mutane takardu. Baffa ƙanen mahaifina ne, kuma a lokacin shi ne shugaban manoman shinkafa na fadamar bakin gulbi. Duk wanda ya san wajenmu ya san ruwan da ke cinye mana gonaki ba a kanmu yake sauka ba. Can ƙasashen da ke sama da mu ake yin sa, sai ya tattaro ya biyo kogin Kwara ya iske mu, wani lokaci rana na ƙwallewa a samanmu babu ko ɗigon hadari. A da, labarinsa a bakin masu jirgin ruwa ake ji, su kuma kowa da irin nasa ƙarin gishirin.

Wata rana na gano cewa akwai wata babbar kwamfuta a wata ƙasa mai nisa, irin wadda muke kira saba, da ke tara awon tsayin ruwa daga ma'aunan da ke sama da mu, kuma tana ba duk wanda ya tambaya. Sai na zauna na rubuta wata manhaja da za ta riƙa tambayarta a kai a kai. Idan ruwa ya haura alamar da dattawa suka yarda ita ce ta haɗari, manhajar ta kira wayoyin manoma ta sa musu murya. Murya muka zaɓa saboda ba kowa ke karanta rubutaccen saƙo ba. Wani dattijon Bafulatani ya yi mana da Fulatanci, surukina ya yi da Dandanci, Baffa kuma ya ɗauki ta Hausa.

Naɗar muryar Baffa kaɗai sai da ta ci mana yini. Na ce masa ya taƙaita, ya faɗi ruwa na tafe a kwashe kaya, shi ke nan. Ya dube ni kamar na zage shi.

"In kira mutum ga wayatai in hwaɗa mai magana babu sallama? Wa ya koya maka hakanga? Birni?"

Haka ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da dabbobi, sannan ya shigo zancen ruwa. Da ƙyar na lallashe shi ya bar gaisuwar dabbobin.

Ranar gwaji aka taru a harabar ofishin ƙungiyar manoma. Na danna, wayoyi suka ɗauki ƙara a aljihunan mutane, kowa ya kanga a kunne yana jin Baffa alhali ga Baffan nan zaune ya yi shiru yana shafa gemu. Wani tsoho har da amsa gaisuwa, yana cewa iyali lafiya lau. Aka yi ta dariya. Daɗi ya kwashi Baffa, ya miƙe ya ɗaga hannu ya ce, "Daga yau kowa shi aje wayatai kusa. In kun ji muryata, ku tashi. In ba ku ji ta ba, ku yi kwancinku, ruwa bai zaka ba." Aka yi tafi, ni ma na yi, kaina ya kumbura. Sai daga baya na gane nauyin da rabin maganar nan na ƙarshe ya ɗora mana.

Gwajin nan a kan kwamfutata ta hannu aka yi shi. Amma aikin na dindindin ne, don haka dole ya koma kan tsohuwar kwamfutar ofis, wadda ke da batirin sola, ba ta damu da ɗaukewar wuta ba. Ita kuma tsohuwa ce mai gardama, rabin abubuwan da manhajata ke buƙata ba ta da su. Maganin irin wannan a sana'armu shi ne kwantena. Wato ka haɗa manhaja da duk tarkacenta ka rufe su a wani keɓaɓɓen wuri a cikin kwamfutar, ta zauna can da komai nata, ba ta taɓa kayan kowa, ba a taɓa nata. Kwamfutar da ta ba ta wurin zama kuwa ita ce mai masauki. Da na gaya wa Baffa na sa aikin cikin kwantena, sai ya leƙa bayan tebur, ya leƙa waje.

"Awa wadda aka ɗauko wa kaya Kwatano? To ina ka aje ta?"

Na ce tana cikin kwamfutar. Ya girgiza kai ya ce lallai zamani ya zo, kwantenar da sai tirela ke ja yau ga ta cikin akwati.

Abu ɗaya ne bai shiga kwantenar ba. Akwai wani ɗan akwati mai ɗauke da layukan waya da ke kan tebur, shi ke yin kiran, kuma ƙaramar manhajar da ke sarrafa shi a kan mai masaukin take zaune. Tana da wata ƙofa mai lamba, wadda muke kira fot, inda take jiran a zo a ce mata kira wane, sa masa murya kaza. Na gama ƙaurar a makon, na ga awon ruwa yana shigowa daidai, hankalina ya kwanta. Kwamfutata ta hannu kuma, da allonta ya daɗe yana ciwo, na ba direba ya kai ta Birnin Kebbi gyara. Na bar gwajin kira zuwa safiyar ranar kasuwa.

Da na shigo ofis da safen nan, jan rubutu na tarar a kan allo. Ruwa ya haura alama. Manhajar ta gani, ta yi abin da aka ce ta yi, ta nemi ta fara kira, amma layi bayan layi abu ɗaya take rubutawa da Turanci, wai ta ƙwanƙwasa ƙofa an ƙi buɗe mata. Ko waya ɗaya ba ta yi ƙara ba.

Na kira Baffa, yana Lolo ya kai buhunan tsohuwar shinkafa. Na gaya masa ruwa na tafe kuma na'ura ta ƙi kira. Ya ce, "To kai gyara, ni bari in hwaɗa ma mutane da baki." Rabin manoman suna kasuwar, saura kuwa suna warwatse daga Geza zuwa Matsinkai zuwa ƙananan tungayen bakin ruwa da ko mashin sai ya yi da gaske yake isa.

Na shiga abin da kowane mai sana'ata ke yi idan ya ruɗe. Na kashe na kunna. Na zare waya na mayar. Na cire layukan na goge su da bakin riga na sake sa su. Na sauke katangar tsaron kwamfutar gaba ɗaya, ko ita ce ke tare hanya. Babu abin da ya canja. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan na ba da umarnin kira daga kan kwamfutar kanta, nan take wayata ke ƙara, in ji Baffa yana tambayata iyali. Idan kuma umarnin ya fito daga cikin kwantena, shiru. Ga manhaja tana hira da saba da ke bayan teku ba ko tuntuɓe, amma akwatin da zan iya miƙa hannu in taɓa ya gagare ta. Na duba adireshin da na ba ta na inda za ta sami ƙofar, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kalma ɗaya ce, localhost, sai lambar ƙofa. Tun a aji malaminmu ya ce mu riƙe ma'anarta da sauƙi, gida ke nan. Da wannan kalmar aka yi gwaji gaban jama'a ta yi aiki, don haka ko zarginta ban yi ba.

Na koma kiran masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya da hannu, ina yi ina duban rana tana hawa. Can sai ga kiran Baffa. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ta dushe, babu wasa a cikinta.

"Ɗana, sun ƙi tashi."

Na ce kamar yaya?

"Na bi rumhwa-rumhwa ina hwaɗi. Kowa sai shi hiddo waya shi duba, shi ce Alhaji ai ba ta yi kuka ba. Wani ya ce min, kai da bakinka ka ce in ba mu ji ba mu yi kwancinmu. Ga ni tsaye gabansu da raina, sun hi yarda da ni na cikin waya."

Da a wata rana ce da na yi dariya har da hawaye. Amma na san abin da ake ciki. Mutum ba ya barin cinikin kasuwa ya je ya yanke shinkafar da saura mata 'yan kwanaki ta gama nuna a kan jita-jita, an sha yi musu haka an sa su asara. Idan kuwa ruwan ya zo ya same su a zaune, ba za a ce kwamfuta ta yi ƙarya ba, Baffa za a ce. Mutumin da ya yi shekaru ana kawo masa rigimar kan iyakar gona ya raba da kalma ɗaya.

Wajen azahar kaina ya yi zafi har ba na gane abin da nake karantawa, ga yunwa, don tun asuba na fita ban karya ba. Na tuna ina da wata wayar haɗi a ɗaka, na ce bari in ɗauko ko ita ce matsalar, in kuma sa wani abu a ciki. Na kira maiɗakina na ce tana ina. Ta ce, "Ina gida." Na ce to ga ni nan tafe, ta dama mini fura. Ta fara wata magana sai layin ya yanke, abin da ba baƙo ba ne a wajenmu, inda waya kan tsallake ta kama sabis ɗin Benin ba da izininka ba. Na hau mashin.

Kwaɗo na tarar a ƙofa. Na buga, na yi sallama, na leƙa ta kan katanga, kaji kawai ke yawo a tsakar gida. Duk haushin da na tara tun safe ya taso mini. Na sake kira, da ta ɗauka ban ko bari ta gama sallama ba.

"Ba ke kika ce mini kina gida ba?"

"Ai ina gida, Malam."

"Ga ni tsaye ƙofar gida, kwaɗo ne a jiki!"

A bayanta ina jin daka, da hayaniyar mata, da kukan jariri. Sai ta fashe da dariya, irin dariyar nan tata da ba ta iya tsayarwa. Iyayenta a wani ƙauye suke gaba da Lolo kaɗan, dab da iyaka, ƙanwarta ta haihu, kuma tun farkon mako ta nemi izini za ta je da yara ranar kasuwa su taya aikin suna. Na ce to. Ta ce har sau biyu na ce to, idona na kan allo.

"Malam, kai ko! Ɗiya mace in ta ce tana gida, ai gidan ubanta taka nuhi. Da ina wajenka da sai in ce ma ina ɗakina."

Na ce cikin fushi, to ni da na ji gida ai gidana zan nufa.

"To ai shi ke nan. Kai ka ji da kunnenka, ni na hwaɗi da bakina. Kowa da inda shika tsaye."

Ina riƙe da kwaɗon nan a hannu, sai kwantenata ta faɗo mini a rai. Lokacin gwaji, manhajata da mai sarrafa akwatin kira a wuri ɗaya suke zaune, idan ta ce gida, gidan da suke ciki tare take nufi. Yanzu na ɗauke ta na sa ta a kwantena, ta zama baƙuwa mai nata wuri. Tana nan tana cewa gida, amma gida a bakinta ya zama cikin kwantenar. Tun safe ƙofar kanta take bugawa, inda babu kowa. Saba mai nisa kuwa tana samun ta ne don cikakken sunanta na ba ta.

Maiɗakina tana ta cewa, "Malam? Ka yi hushi?" Na ce mata Allah ya yi mata albarka, ita da iyayenta da jaririn da ban gani ba tukuna. Ta ce lallai yunwa ta taɓa ni. Na manta da fura, na manta da wayar haɗin, na juya mashin.

Gyaran bai kai tsawon alwala ba. Na goge kalmar nan, na sa adireshin da baƙo ke kiran mai masauki da shi daga cikin kwantena. Na danna, aka sake ƙi. Amma yanzu na san irin tambayar da zan yi. Ashe ita ma ƙaramar manhajar an saita ta kada ta amsa sallamar kowa sai ta 'yan gida, kuma a wajenta kwantena baƙuwa ce. Na buɗe mata ta riƙa amsa wa kwantenar, ita kaɗai, don ban so kowane ɗan iska da ya shigo layinmu ya sami damar kiran mutane da muryar Baffa. Na mayar da katangar tsaron da na sauke. Na yi bisimilla na danna.

Fitilun ɗan akwatin suka fara ƙyaftawa. Ban yarda ba tukuna, sai da na ji waya tana ƙara a tsallaken titi, wajen mai gyaran taya, wanda shi ma yana da 'yar gona a fadama. Ta taga na gan shi ya goge hannu a wando, ya ɗauka, ya ce, "Wa alaikumus salamu, Alhaji." Ya saurara. Sai ya bar tayar da ke gabansa a kwance, ya ja ƙofar rumfarsa. Na zauna a ƙasa dirshan, na rasa abin da zan yi sai hamdala.

Ba a jima ba Baffa ya kira. Da farko ya ɗaga mini wayar ne kawai in ji kasuwa. Ta ko'ina ƙarar waya ke tashi, nan Hausa, can Fulatanci, can Dandanci, ga masu mashin ana ta kiransu. Da ya mayar da ita kunne sai ya ce, "Ka ji ni ko? Dud da ni ɗaya na, na cika kasuwa." Muryarsa ta dawo daidai.

Yammacin ranar da duk washegari a fadama aka yi su. Na bar kwamfuta tana aikinta na bi su, ko da yake lauje bai san hannuna ba, Baffa ma ya ce in koma ɗaukar dami kada in yanke yatsun da ake buƙata. Aka kwance injinan ban ruwa aka ɗora a amalanke, masunta suka kawo jiragensu suna tsallakar da dami, mata suna kawo fura da ruwa. Ruwan ya iso da yammacin washegarin nan, a hankali, ba hayaniya, ya shafe ƙananan gonaki. Ba duka aka tsira da shi ba. Shinkafar da ba ta nuna ba ta tafi, har da wata gonar Baffa ta can ƙasa, don ya ɓata lokacinsa yana zagaya na mutane. Amma injina sun fita, abin da ya nuna ya hau tudu, kuma babu wanda ya buɗe baki ya ce Alhaji ya yaudare mu. Da na yi masa jajen gonarsa sai ya ce, "Shinkahwa ana sake shukawa." Daga nan ya tambaye ni ko na ci abinci.

Abin da na ɗauka daga ranar nan ya wuce kwamfuta. Na gane cewa kalma ba ta tafiya ita kaɗai, tana tafe ne da wurin da mai faɗarta yake tsaye. Kafin ka yi fushi da mutum ko na'ura don ta ce nan ka je ba ka same ta ba, ka fara tambaya, nan ɗin wa? Rigingimu da yawa da na gani tun daga lokacin, na aiki da na zumunci, da an yi wannan tambayar da ba su kai ko'ina ba.

Bara 'yata ta fari, wadda a lokacin tana sakandare, ta gama karatunta ta yi aure a Birnin Kebbi. Kwanan baya ta kira ni muna hira, sai ta ce, "Baba, jibi in Allah ya so ina nan tahe gida." A wannan karon ban buƙaci in tambayi wane gida ba. Na san inda take tsaye, na kuma san inda take nufi, kuma ban san lokacin da daɗi ya sa idona ya kawo ruwa ba.